Durƙusa wa wada: na sayi She Stoops to Conquer a Samaru, sau biyu na taka shagon

Bari in fara da tona wa kaina asiri kafin wani ɗan ajinmu ya riga ni. Na rubuta WAEC a 2018, na yi adabin Turanci, kuma She Stoops to Conquer na Oliver Goldsmith yana cikin littattafan da aka sa a wancan zangon na 2016 zuwa 2020, amma wallahi ban taɓa buɗe shi ba. Abin da na karanta wata 'yar ƙasida ce da muka yi fotokwafi, an jera sunayen 'yan wasa da jigo da salo da tambayoyin da suka saba fitowa, na haddace na je na juye musu na karɓi kiredit ɗina na dawo gida. Ko murmushi ban yi ba. Ban ma san wasan barkwanci ba ne sai da na ga an rubuta haka a cikin ƙasidar, shi ma na haddace.

To kwanan baya ƙanwata da ke karanta Turanci a jami'a aka ce su nemo shi, ita kuma kuɗinta tun tsakiyar wata suke ƙarewa kamar kullum, sai ta maƙale mini wai Anti ki taimaka. Ranar Asabar na hau keke daga Tudun Wada zuwa Kwangila, na sake wani zuwa Samaru, na shiga ɗaya daga cikin shagunan littattafan nan da ke kan titin Sakkwato. Ba zan faɗi sunan shagon ba, za ku ji dalili.

Shagon ƙarami ne, mutum biyu in suka shiga na uku sai ya jira a waje, littattafai tun daga ƙasa har silin, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kan komai. Mai shagon dattijo ne da tabarau a kan karan hanci, ina faɗin sunan littafin ko motsi bai yi ba ya ce, "'Yata, wanne kike so, na karatu ko na cin jarrabawa?" Na ce Baba da bambanci ne? Ya ce sosai ma. Ya sa yaronsa ya sauko da iri uku. Na farko irin waccan ƙasidar ce da na sani, an dai yi mata bango, naira 800. Na biyu cikakken wasan ne, sabon bugu fil a leda, 2,000. Na uku gwanjo ne bugun waje, bangonsa ya ɗan sha jiki, wani ya yi rubutu da fensir a gefen shafuka, amma yana da dogon gabatarwa da bayanin kalmomi a ƙasan kowane shafi, 4,500 kuma ya ce ko sisi ba ragi. Ni da wayona na ce wa zai bar sabo ya sayi tsoho a kan ninki biyu da ɗori, na ɗauki na tsakiya, na yi masa tiransifa, ya jira alat ya shigo sannan ya sa mini a leda. Ya dai kalle ni ta saman tabarau bai ce komai ba.

Araha ba ta ado, sai a gida na gane. Bangon yana sheƙi kam, amma takardar ciki irin ta naɗe ƙosai ce, kana karanta shafi kana hango rubutun bayansa, tawadar wani wuri ta yi baƙi ƙirin wani wuri ta koɗe kamar inji yana jin barci, kuma ina buɗe shi sosai na ji gam ɗin ya ce ƙas. Babu sunan kamfanin ɗab'i na kirki, babu adireshi, kowa ya gani ya san bugun bayan fage ne. Babu bayanin kalma ko ɗaya. Turancin 1773 ne fa, ba na jaridar yau ba.

A daren aka ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida, Umma tana tsinke zogale, Gwaggo ta zo mana kwana biyu daga cikin birni, sai ƙanwata ta kunna fitilar waya ta fara karantawa a bayyane don ta ce in ta yi shiru barci take ji. Ta karanta 'yan layuka ta tuntsire da dariya, Umma ta ce ke lafiya? Daga nan aikin ya faɗo kaina, ita tana karanto Turanci ni ina mayarwa da Hausa iya yadda na iya, dare uku muka yi a haka. Da na yi ƙoƙarin fassara sunan littafin na ce wai ta sunkuya ne don ta ci nasara, Umma ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Durƙusa wa wada ke nan." Duk malaman da suka koya mini littafin nan babu wanda ya ba ni fassarar da ta kai wannan.

Labarin duka a dare ɗaya ya faru, shi ya sa ma ɗaya sunan wasan yake nufin kurakuran dare guda. Wani dattijo ne mai rufin asiri, Mista Hardcastle, yana zaune a tsohon gidansa a ƙauye nesa da Landan, mutum ne mai son duk wani abu tsoho, tsofaffin abokai, tsofaffin littattafai, tsohon zamani, har ya kama hannun matarsa ya haɗa da ita a lissafin, ita kuma ta hau faɗa. Ya shirya da amininsa Sir Charles Marlow cewa ɗan Sir Charles zai zo ya ga 'yarsa Kate, haɗin iyaye dai irin wanda muka sani, amma ya ce ba zai yi mata dole ba. Saurayin, shi ma Marlow ake kiransa, ya taso da abokinsa Hastings suka ɓace a hanya, suka faɗa wata mashaya da ake kira Three Pigeons, a nan suka ci karo da Tony Lumpkin, agolan gidan, ɗan da matar ta zo da shi daga aurenta na fari, sangartacce ne na ƙarshe, ba karatu ba sana'a sai dawakai da shaye-shaye da tsokana. Yana jin haushin mijin uwarsa, sai ya ce musu ai gidan da kuke nema ba za ku kai ba yau, amma ga wani masauki nan gaba kaɗan, mai masaukin dai yana da surutu da son nuna shi babban mutum ne, kada ku kula shi. Ya kwatanta musu gidan Hardcastle ɗin da kansa.

Ku hango abin a garin nan. Saurayi ya zo gaisuwar surukai a karon farko, ya ɗauka gidan otal ne, baban yarinya kuma manaja. Dattijo ya fito da fara'a yana marhabin, ya fara ba su labarin yaƙin da ya fi so, na su Yarima Eugene da Marlborough, su kuwa suna katse shi suna hirar kayan da za su sa gobe, suka ce a kawo abin sha, suka ce a kawo takardar jerin abincin dare su gani, aka kawo suka hau kushe ta, Marlow ya ce sai ya je ya duba shimfiɗa da idonsa. Can gaba ma ya ba yaransa umarni su sha iya shansu wai don ciniki ya shiga gidan. Gwaggo salati kawai take tana tafa hannu, ta ce ita da a gidansu ne da tuni an kira samarin unguwa. Kafin zuwan nasu ma akwai wurin da Hardcastle ya tara barorinsa da ya kwaso daga gona yana koya musu yadda ake tsayuwa a gaban baƙi, cire hannu daga aljihu, kada ku sa baki a hira, in na ba da labarin ban dariya kada ku yi dariya, wani Diggory ya ce to ranka ya daɗe kada ka ba da labarin nan guda ɗaya don shekara 20 muna yi masa dariya ba za mu iya riƙewa ba. Sak gidanmu ranar da za a kawo lefe, a fito da kwanukan cikin kabad, a ja wa yara kunne, ƙarshe dai sai wani ya kwafsa.

Amma inda muka fi daɗewa, har aka yi musu, shi ne kan shi Marlow. Mutumin nan in ya ga 'yar babban gida bakinsa mutuwa yake. Haɗuwarsu ta farko da Kate ta ci ado, shi kuma ƙasa yake kallo yana in'ina, ya fara magana ya kasa ƙarasawa ita ke ƙarasa masa, aka yi hirar aka tashi bai kalli fuskarta ba ko sau ɗaya. A nan Umma har yabonsa ta yi ta ce yaro mai kunya, irin wanda in ya zo zance sai ka ji tausayinsa. To amma Kate suna da yarjejeniya da babanta, da safe ta yi gayunta yadda take so, da yamma ta sa kayan zaman gida marasa ado don ta faranta masa. Da Marlow ya hange ta cikin waɗannan kayan sai ya ɗauka ma'aikaciyar masaukin ce, mai kawo wa baƙi abin sha. Ita kuma da ta ji haka ta ce bari in bar shi a haka in ga kalarsa ta gaskiya. Jama'a sai ga bakin da ya mutu ɗazu ya tashi, zuba yake kamar kanya, yana tambayarta shekarunta, yana matsowa, yana cika baki wai a wani kulob na mata a Landan shi ne ɗan gaban goshi har wani suna suke kiransa da shi, ƙarshe ya cafko hannunta tana fizgewa, baban ya shigo ya gani.

Umma ta ajiye tiren zogale ta ce ta janye yabonta. Ta ce wannan ba kunya ba ce, tsoro ne, mai kunya duk inda ya je da abarsa yake tafiya, shi wannan ya duba ne ya ga wadda ubanta zai iya ɗaure shi da wadda ba ta da kowa. Yaya da ke zaune bakin ƙofa yana danna waya kamar ba ya ji sai ga shi ya sa baki wai a yi wa mutumin adalci, kwarjini ne, akwai macen da in ka zauna gabanta duk abin da ka shirya sai ya gudu. Muka ce a'a Yaya ashe ana ji. Kuma ban ƙi tasa ba, kwarjini gaskiya ne, amma kowa a Zariya ya san irin samarin nan, a falon gidan farfesa kamar an jiƙa kaza, gaisuwa har ƙasa, lemon da aka kawo ma ba ya iya sha, amma ka same shi gaban yarinya mai tallan awara ko mai kawo abinci a gidan cin abinci ka ji abin da ke fita daga bakinsa. Mutum ɗaya ne fa. Kuma Goldsmith bai ɓoye masa ba, akwai wurin da Hastings ya tambaye shi yaya za ka ɓata mutuncin yarinya, ya amsa da cewa kowa ya san mutuncin ma'aikaciyar masauki, kuma shi ba abin da zai ɗauka a gidan nan bai biya ba. Na karanta wurin sau biyu kafin in fassara wa su Umma, ban so ma in fassara ba.

Nan ne ni da littafin muka ɗan raba hanya. Gaskiya ne daga baya ya sauya, da ya gane gidan ba masauki ba ne kunya ta kama shi, Kate ta ce masa ita 'yar uwar masu gida ce talaka da ke riƙe da makullai, ta yi 'yar ƙwalla, jikinsa ya yi sanyi ya fara ganin mutuncinta, har a kashi na biyar ya durƙusa yana neman aurenta a matsayin marar ko sisi, iyayen biyu suna laɓe suna ji. Na yarda wannan wurin yana da daɗi, kuma yadda ta dinga tsokanarsa bayan asiri ya tonu, tana tambayarsa wanne daga cikin mutum biyun nan za ta kira shi da shi, ya biya ni. Amma yarinyar da ya yi wa wancan rashin mutuncin ta tsira ne don dama can 'yar mai gida ce. Da ma'aikaciyar gaske ce fa? Wasan bai tsaya a kan wannan ba, ya yi dariya ya wuce, aka ba shi ita kowa na murna. Gwaggo ta ce ita ko a ƙafa aka ɗaura mata shi sai ta kwance. Ƙanwata ta ce ai Kate ta san abin da ta saya, ta gan shi ciki da waje kafin ta amsa, mu nawa ne muke samun wannan damar? Wannan maganar ta tsaya mini, don zancen da muke yi na zaure da falo kowa da kayan sallarsa yake zuwa, shi da turare da motar aro, ke da hoda da muryar da ba taki ba.

Sai uwar gayya, Misis Hardcastle. Wallahi don ita kaɗai ma littafin ya ci kuɗinsa. Matar nan ba ta taɓa taka Landan ba amma ba ta da zance sai na Landan, yayin da ake yi a can take bi ta mujallu da wasiƙun wasu ƙawaye, gyaran gashinta ma daga hoton wani littafin mata na bara ta kwafo. Mijinta ya lissafa mata shekara 57 ta ce ƙarya ne. Hastings da yake yana neman shiri da ita sai ya hau zuga ta, wai kwanakin baya a birni shekara 40 ake yayi, har ana cewa hunturu mai zuwa 50 za a koma, ta ce ashe ita ta yi yarinya da yawa ga yayin. Duk mun san Hajiyar nan. Ba ta taɓa zuwa Dubai ba amma ta fi 'yan Dubai sanin abin da ake sawa, daga Instagram take ɗauko ɗinki ta kai wa tela a Sabon Gari ya yi iya yinsa, ta je biki tana cewa ai Zariya ƙauye ce ba a san kaya ba. Ɗan nata kuma ta lalata shi da so, tana cewa ba shi da lafiya alhali ƙato ne, da aka yi maganar karatunsa ta ce yaron da zai riƙa samun fam 1,500 a shekara wane ilimi yake buƙata don ya kashe su.

Amma a ƙarƙashin ban dariyar akwai abin da ba na dariya ba. Tana riƙon wata marainiya 'yar uwarta, Constance Neville, kuma gadon yarinyar duk kayan ado ne masu tsada, suna hannunta. Shi ya sa ta dage sai Constance ta auri Tony, tuwona maina, dukiya kada ta fita gida, alhali su biyun ba sa ko son ganin juna, a gabanta su yi kamar masoya tana juya baya su koma cizo da yaƙushi. Ita Constance Hastings take so. Da ta nemi a ba ta kayanta ta sa, matar ta ce ai yarinya kamarki ba ta buƙatar ado, ƙarshe ta shirya ƙarya wai sun ɓace, ta ce wa Tony ya zama shaida. Ba ta san ya riga ya sace su ya kai wa Hastings ba. Ta je ta duba ta ga da gaske babu, ta dawo tana ihu an yi mata sata, shi kuma yana ta cewa eh zan yi shaida, Mama kin iya wasa, tana rantsuwa da gaske take yana ƙara yaba mata. Umma har da hawaye. Gwaggo kuwa ta ce kowane dangi da irinta, ta fara kiran sunan wata da ta riƙe sarƙar gwal ɗin marayu shekara da shekaru, Umma ta ce mata Yaya a rufa haka nan akwai yara.

To a dare na biyu ne bugun 2,000 ya nuna mana halinsa. Muna kashi na huɗu, akwatin kayan adon ya zagaya ya koma hannun matar saboda Marlow ya ba ta ajiya a matsayin uwar masauki, an kawo wa Tony wasiƙa daga Hastings ga uwarsa a tsaye, shi kuma ba ya iya karanta rubutun hannu, kowa ya yi tsit a tsakar gidanmu, ƙanwata ta juya shafi sai ta ga mun koma kashi na uku. Ta sake juyawa, kashi na uku dai. Shafi 16 cur aka maimaita, 16 na gaske babu su, daga nan sai tsakiyar kashi na biyar. Umma ta ce wane irin wulaƙanci ne wannan. Dole muka koma waya, da yake littafin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka yana nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, a nan muka ga yadda Constance ta karɓi wasiƙar tana ƙirƙiro ƙarya wai zancen faɗan zakaru ne, wawan ya ce ai shi wannan ne ma yake son ji ya miƙa wa uwar ta karanta, ta ga shirin guduwa ta ga kuma sunan da aka kira ta da shi a ciki.

Ranar Litinin na koma. Baba ba ya nan, yaron shagon ya ce shi dai kaya in ya fita ba ya dawowa, kuma ai na cire leda. Na ce to ta yaya zan san babu shafi ban cire leda ba, duba zan yi? Muna cikin haka Baba ya dawo daga masallaci, ya karɓa ya duba, ya sa aka buɗe wasu guda uku daga kwalin, biyu duk haka suke. Ya yi tsaki ya ce masu kawo musu kaya ne, su ma a kwali suke saye ba sa bin shafi ɗaya-ɗaya. Bai yi mini gardama ba ko kaɗan, ya ce in ɗauki mai lafiyan ko in cika 2,500 in ɗauki gwanjon. Na cika. Ya ce, "Da ma shi na so ki ɗauka tun ranar, amma in na faɗa sai ki ce tsada nake so in sayar miki." Na ce Baba da ka faɗa ɗin. Dalilin da ya sa ban kama suna ba ke nan, ya sayar mini da jabu amma kuma ya yi mini mutunci, kuma matsalar ba ta shagonsa kaɗai ba ce.

Gwanjon nan duniya ne daban. Takarda mai kauri, ɗinki ne ba gam ba, kalmar da ta tsufa an yi bayaninta a ƙasa, har wuraren da muka wuce a waya ba mu gane abin dariyar ba sai yanzu. Kuma a nan na ga abubuwan da bugun araha ya yanke gaba ɗaya, sadaukarwar da Goldsmith ya yi wa abokinsa marubuci Samuel Johnson, da buɗewar da fitaccen ɗan wasa David Garrick ya rubuta, inda ɗan wasa ke fitowa da baƙaƙen kaya yana kuka wai barkwanci na kan gargara, amma ga wani likita ya zo da magani kashi biyar. Likitan Goldsmith ne, don ya yi karatun likita a Edinbara da Leiden bayan ya gama Trinity College a Dablin, ɗan Ailan ne asalinsa, kashi biyar ɗin kuma kashe-kashen wasan ne. Ashe a lokacin abin da ake yayi a dandamalin Landan wasannin ban tausayi ne masu cike da nasiha, mutanen kirki suna ta faɗin maganganun kirki, shi kuma ya ce a'a a dawo a yi dariya, har maƙala ya rubuta a kan haka a 1773. Manajan gidan wasan Covent Garden, George Colman, bai yi zaton zai karɓu ba, ya yi ta jan ƙafa, aka dai sa shi ranar 15 ga Maris 1773 kuma ya karɓu sosai. Shekara 31 ke nan kafin jihadin 1804, sarakunan Haɓe ke mulkin Zazzau a lokacin, amma ga mu a Tudun Wada muna gane kowa a ciki. Shi marubucin bai daɗe yana cin moriyar ba, ya rasu ranar 4 ga Afrilu 1774 da bashin kusan fam 2,000 a kansa. Ana ma ba da labarin cewa shi kansa yana yaro an taɓa yi masa irin wannan tsokanar a wani gari Ardagh, ya shiga gidan wani babban mutum yana ba da oda.

Ba komai ne ya yi mini ba. Hastings da Constance ba su da gishiri, in suka fito su biyu sai in ji ina so a wuce. Akwai shaye-shaye da yawa, har da waƙar Tony a mashaya da yake fifita giya a kan karatu yana yi wa masu wa'azinsu shaguɓe, wannan na tsallake ban fassara wa Gwaggo ba. Turancin kuma in babu mai bayani zai wahalar da ɗan sakandare, shi ya sa suke gudu wajen ƙasida. In maki ake bayarwa wasan 9 cikin 10, bugun 2,000 ko 3 ban ba shi ba, shagon 7 saboda Baba, yaronsa ya ci masa sauran. Wanda zai saya ya cire ledar a gaban mai shago ya bi lambar shafi tun daga farko har ƙarshe, minti biyu ne, ya kuma duba ko akwai bayani a ƙasan shafi. Ƙasidar 800 kuwa za ta iya ba ka kiredit, ni shaida ce, iyakarta ke nan.

Dare na uku muka ƙarasa da gwanjon. Bayan ta karanta wasiƙar nan Misis Hardcastle ta fusata ta ce a ɗaura dawakai yanzu-yanzu za ta kai Constance gidan wata gwaggo a tsare ta, Tony ne jagora, sai ya yi ta zagaye gidan da su cikin duhu ta kowane kwazazzabo da taɓo, ƙarshe ya tsunduma keken dokin cikin kududdufin da ke ƙarshen lambunsu ya ce mata sun yi mil 40 suna wani dajin 'yan fashi. Mijinta ya fito shan iska ta ɗauka ɗan fashi ne, ta zube a gabansa tana roƙo ya kashe ta ya bar mata ɗanta, kuma a nan ne kaɗai na ji tausayinta, duk son zuciyarta son ɗan nan na gaske ne. Sannan dattijon ya fasa ƙwai cewa Tony ya cika shekarun mallakar kansa tun wata uku da suka wuce uwar ce ta sa aka ɓoye, nan take ya ce ya ƙi Constance, gadonta ya dawo hannunta.

Littafin yanzu yana hostel wajen mai shi, ta ce ƙawayenta uku na layi. Jiya da magariba Yaya ya fito ya sha shadda sai ƙamshi yake, zai je Gyallesu wajen wadda aka haɗa su, ya durƙusa yana yi wa Umma sallama. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya kai bakin zaure ta ɗaga murya ta ce, "Ka dai tabbatar gidan ne kafin ka zauna, kuma ka ɗaga kai ka kalli fuskarta."